Yadda Masu Kai Ɗaukin Gaggawa Za Su Kare Kansu Daga Cututtukan Da Ake Ɗauka Ta Jini

Duk wanda ya saba bin hanyoyin jihar Maraɗi ya san cewa idan mota ta kife tsakanin Gidan Rumji da Tibiri, ko babura suka yi taho-mu-gama a kan hanyar Ɗan Isa da ke tafiya Jibiya, ba likita ne yake fara isa wurin ba. Masu fara sa hannu a jikin wanda ya ji rauni su ne ƴan kwana-kwana da aka kira ta lamba 18, da jandarmomi da ƴan sanda, da direban motar asibiti tare da ma'aikacin jinyar da ke rakiyarsa, da ƴan agajin Croix-Rouge da na ƙungiyoyin addini, wani lokaci ma ɗan kabu-kabun da ya zo wucewa tausayi ya tsayar da shi. Waɗannan mutane suna aiki cikin jini a bakin titi, tsakanin ƙura da fasassun gilasai, babu famfo kusa, babu hasken kirki idan dare ne, kuma ba su san komai game da lafiyar wanda suke tallafa ba. Wannan bayani nasu ne, da na shugabannin da ke tura su aiki, domin mafi yawan abin da ke kare mai kai ɗauki tun kafin a buga waya ake tanadinsa.

Cututtuka uku aka fi tsoro a wannan aiki: ciwon hanta nau'in B, ciwon hanta nau'in C, da ƙwayar cutar sida. Yawancin ma'aikata sida ce take fara zuwa musu a rai, alhali lissafin ba haka yake ba. Idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da ƙwayar sida ta soki mutum, yiwuwar ya kamu kusan 3 ne cikin 1000. Idan ciwon hanta C ne, kusan 2 cikin 100. Idan kuwa nau'in B ne, kuma wanda aka soka bai taɓa yin rigakafi ba, yiwuwar tana kamawa daga 6 har zuwa 30 cikin 100, gwargwadon yawan ƙwayar a jinin mai ita. Bayan haka, masu sida a Nijar ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na manya ba, amma Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da ciwon hanta B ya fi yawa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi, kusan miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma akasarinsu ba su sani ba, saboda cutar takan zauna shekaru tana cin hanta ba tare da wata alama ba, sai daga baya ta fito da kumburin ciki, ko shawara, ko sankarar hanta. Ƙwayar B tana da taurin rai sosai: tana rayuwa cikin busasshen jini aƙalla kwana 7, ta yadda gadon ɗauka da aka ajiye ba a wanke ba ranar Litinin yana iya cutar da wanda ya ɗauke shi ranar Juma'a.

Ƙofofin da ƙwayoyin suke bi su shiga jiki ba su da yawa. Ta farko ita ce suka ko yanka, wato allura, reza, wuƙa, gilashi ko yagaggen ƙarfen mota wanda jinin wani ya taɓa. Ta biyu ita ce fallatsar jini cikin ido, hanci ko baki. Ta uku ita ce fatar da ta riga ta buɗe, kamar ƙurji, ƙuna, kirci, ko tsagewar da sanyin hunturu yake yi wa yatsu da tafin hannu tsakanin Disamba da Fabrairu, wadda mutanenmu ba sa ɗaukarta a bakin komai. Lafiyayyar fata kuwa katanga ce, jini ya zuba a kanta aka wanke ba ya ratsawa. Gumi da hawaye ba sa yaɗa waɗannan cututtuka, haka nan musafaha da ɗaukar mutum a kafaɗa. Wajibi ne a faɗi wannan ɓaro-ɓaro, domin tsoron da ya wuce kima yana sa a tsaya ana kallon mutum jini yana zuba har rai ya yi halinsa, wanda hakan ya fi kowace cuta muni.

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya na duniya suka tsaya a kanta tun shekarun 1980 ita ce a ɗauki kowane jini a matsayin mai cuta. Ba a duba fuska, ba a duba sutura ko rawani, ba a cewa wannan yaro ne ko wannan dattijuwa ce ko wannan ɗan unguwarmu ne na san gidansu. A yankinmu yawancin masu ciwon hanta B tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, daga uwa lokacin haihuwa ko daga sauran yara a gida, saboda haka cutar ba ta da alaƙa da halin mutum balle a gane shi da ido.

Allurar rigakafi tun kafin a fara aiki

Idan abu ɗaya kawai mai kai ɗauki zai ɗauka daga wannan rubutu, to ya je ya yi allurar rigakafin ciwon hanta B. Nijar ta shigar da wannan rigakafi cikin alluran jarirai ne a shekarar 2008, ma'ana duk wanda aka haifa kafin lokacin, wato kusan kowane ɗan kwana-kwana da jandarma da direban motar asibiti da ke bakin aiki a yau, bai same shi yana yaro ba. Wanda bai tuna ranar da aka yi masa ita yana babba ba, ya ɗauka bai yi ba.

Ana fara awon jini tukuna, don a san ko mutum ya riga yana ɗauke da ƙwayar. Idan babu, sai a yi allura uku a damtse: ta farko yau, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku wata shida bayan ta farko. Inda ake yawan faɗuwa shi ne ta ukun, domin wata shida lokaci ne mai tsawo, kafin nan an canza wa mutum wurin aiki zuwa Dakoro ko Tasawa, katin ya ɓace, maganar ta shiririce. Wanda ya makara ba sai ya koma farko ba, ya ɗora daga inda ya tsaya. Wata ɗaya zuwa biyu bayan allura ta uku akwai awon da ke nuna ko jiki ya karɓa, kuma ya dace duk mai aiki cikin jini ya yi shi idan da hali, saboda akwai ƴan tsirarun mutane da jikinsu ba ya amsawa a zagayen farko, sai an maimaita musu. Wanda jikinsa ya karɓa ya samu kariya mai ƙarfi ta shekaru masu yawa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ma tana iya yin wannan allura.

Idan awon farko ya nuna mutum yana ɗauke da ƙwayar, ba ƙarshen aikinsa ba ne kuma ba abin kunya ba ne. Likita zai duba hantarsa, idan akwai buƙata ya ɗora shi kan magani irin su tenofovir wanda ke danne ƙwayar, sannan a auna matarsa da ƴaƴansa a yi wa marasa ita rigakafi. Sakamakon awo sirri ne tsakanin mutum da likitansa, bai kamata ya zama zancen bariki ko na majalisar shayi ba, domin da zarar an tona asirin mutum ɗaya sauran ba za su ƙara yarda a auna su ba. Ciwon hanta C da sida ba su da irin wannan allurar rigakafi. Allurar tetanos kuma a sabunta ta, tunda aikin na cikin tsatsa da ƙasa ne.

A Amurka, dokar kare ma'aikata ta shekarar 1991 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin bai wa duk ma'aikacin da zai taɓa jini wannan rigakafi kyauta cikin kwana 10 na aiki da fara aikinsa. A ganina haka ya kamata ya zama a nan ma: hukumar da ta ɗauki mutum ta ba shi kaki ta tura shi ciro mutane daga cikin mota, ita ce ta fi cancantar biyan kuɗin allurarsa, ba a bar ƙaramin ma'aikaci yana auna ta da kuɗin cefane ba.

Kayan da ke cikin mota da aljihu

Safar hannu ta roba ita ce kan gaba, kuma wurin zamanta aljihun ma'aikaci, ba cikin kabad ɗin ofis da aka kulle aka tafi da makulli ba. Kowa ya riƙe aƙalla haɗi biyu ko uku a jikinsa cikin ƴar leda. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Maraɗi take haura digiri 40, yana dafa robar da aka bari a gaban mota har ta riƙa mannewa ko ta yage da an zura hannu, saboda haka a ajiye kwalin a inuwa kuma a riƙa duba shi a kai a kai. Safar roba tana tare jini amma ba ta tare gilashi, don haka mai fasa ƙofa ko ɗaga ƙarfe ya ɗora safar fata mai kauri a kan ta robar. A haɗa da tabarau na kariya, da takunkumin rufe baki da hanci, da rigar leda ta gaba, da takalmi rufaffe mai kauri. Silifa ba takalmin wannan aiki ba ne ko da zafi ya kai yaya.

Motar ta kasance da jarkar ruwa mai tsabta da sabulu da buta, da ruwan alkol na goge hannu, da ruwan jabel, da filasta, da ledojin shara masu kauri, da akwatin zuba allurai wanda allura ba ta huda shi, da fitila mai ɗaurawa a goshi domin hannu biyu su samu sakewa. Kafin a hau aiki kowa ya duba hannuwansa ya rufe duk wani yanka ko tsaguwa da filasta, ya yanke farce, ya cire zobe. Da hunturu a riƙa shafa mai bayan an sauka daga aiki don fata kada ta tsage.

A wurin haɗari

Safa ana sa ta ne a cikin mota tun kafin a iso, domin da zarar an sauka aka ji kuka da salati babu wanda zai tuna da ita. Akwai wani tunani da ya zauna a zukatan wasu cewa tsayawa sa safa ragwanci ne ko ƙyamar ɗan'uwa musulmi, kuma jama'ar da suka taru sukan ƙara matsa lamba da cewa a yi sauri. Sa safa bai kai rabin minti ba, kuma kariyar ta ɓangare biyu ce, tunda hannun mai ɗauki ma yana iya kai ƙazanta cikin buɗaɗɗen rauni. Idan waɗanda suka ji rauni suna da yawa, kamar yadda yake faruwa idan motar kasuwa ta faɗi, a canza safa tsakanin mutum da mutum, kada mai ceto ya zama shi ne ya ɗebi jinin wannan ya kai raunin wancan.

Wanda ya isa ba shi da safa, kamar ɗan kabu-kabu ko mai wucewa, ya zura hannunsa cikin leda mai tsabta wadda ba ta huje ba, ya ninka tsumma ko rawani ko ɗankwali da kauri ya danne raunin da shi. Idan mai raunin yana cikin hayyacinsa, a ba shi tsumman a nuna masa inda zai danne da hannunsa. Idan jini yana tsartuwa, mai danna raunin ya kawar da fuskarsa gefe, ya sa tabarau da takunkumi idan yana da su. Haka ma idan mace ta haihu a cikin mota a kan hanyar kawo ta Maraɗi daga asibitin ƙauye, abin da ma'aikatan rakiya suka sani sarai yana faruwa: ruwan haihuwa da jinin biƙi da mabiyiya duk ana ɗaukarsu kamar jini, kuma fuska ce ta fi shiga haɗari.

Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba. Ƙarƙashin kujerar mota, aljihun wanda ya suma, jakar matafiyi, duk a haska tukuna. Ɗan sanda ko jandarman da zai caje mutum ya fara tambayarsa ko yana da reza ko allura ko wuƙa a jikinsa, ya sa shi ya juye aljihunsa da kansa idan zai yiwu. Gilashi da ƙarfe mai jini da tsintsiya da abin kwasar shara ko hantsaki ake kwashe su. Mai farfaɗiya ko wanda ya bugu a kai yana fizge-fizge ba a sa masa yatsa a baki, domin cizon da ya fasa fata shi ma hanya ce.

Ma'aikacin jinyar da ya yi allura ko ya sa ƙarin ruwa a cikin mota kada ya mayar wa allura murfinta, domin a nan allura take yawan sukar mutum, balle mota tana tafiya tana faɗawa ramuka. Daga jikin mara lafiya sai cikin akwati kai tsaye, ba a kan gado ba, ba a aljihu ba, ba a miƙa wa wani hannu da hannu ba. Idan akwatin ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe shi a kai asibiti a ƙone. Idan allura ta zama dole kuma hanya ba ta da kyau, gara direba ya tsaya minti ɗaya.

Game da wanda numfashinsa ya tsaya, babban mutumin da ya yanke jiki ya faɗi ana iya danna masa ƙirji kawai, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, ba tare da hura baki ba. Amma yaro, ko wanda aka tsamo daga Gulbin Maraɗi da damina ko daga tafkin Madarunfa, yana buƙatar iska, shi ya sa ya kamata kowace tawaga ta mallaki abin hura iska na roba da ake ɗorawa a fuska, don baki kada ya haɗu da bakin da ke da jini. Gawa kuma hukuncinta ɗaya da mai rai, ƙwayoyin ba sa mutuwa da mutuwar mai su, saboda haka masu ɗauka da masu kaiwa ɗakin ajiya su sa safa, kuma a sanar da dangi cikin ladabi cewa masu wanka ma su sa idan jikin yana da raunuka.

Da hannu mai safa ba a ɗaga waya, ba a gyara hula, ba a share gumi, ba a riƙe sitiyari, ba a ɓare goro. Wajen cirewa, a kama bayan safar hannu ɗaya daga wuyan hannu a ja ta ta juye, a dunƙule ta cikin ɗaya hannun, sannan a zura yatsa ta cikin ta biyun a juye ta a kan ta farkon, a jefa a ledar shara. Daga nan a wanke hannu da ruwa da sabulu, ko da ana ganin babu abin da ya taɓa shi, domin safa takan yi ƙaramar huda da ido ba ya gani. Ruwan alkol yana aiki ne a hannun da babu datti a kansa, idan akwai jini sai sabulu. Wannan wankin daban yake da alwala, shi ake fara yi.

Motar da gadon ɗauka ana wanke su bayan kowace fita. A sa safa mai kauri, a tsane jinin da tsumma ko takarda a zuba a leda, a wanke da sabulu, sannan a zuba ruwan jabel da aka sirka a bar shi minti 10 kafin a goge. Ƙarfin da ake nema shi ne 0.5 cikin 100, kuma jabel ɗin kasuwa ba ƙarfinsa ɗaya ba, sai an karanta jikin kwalba: mai 5 cikin 100 ana sa mudu ɗaya nasa da tara na ruwa, mai 2.6 cikin 100 kuma ɗaya da huɗu. Kullum ake haɗa sabo, domin zafi da hasken rana suna kashe ƙarfinsa, kuma ba a gauraya shi da wani maganin wanki. Kakin da jini ya ɓata a cire shi a wurin aiki a sa a leda, a wanke shi daban da ruwan zafi da sabulu. Kai shi gida a miƙa wa uwargida ko yara su cuɗa shi da hannu tare da kayan iyali kai cuta gida ne.

Idan abin ya riga ya faru

Duk taka-tsantsan ɗin mutum wata rana allura za ta iya sukarsa ko jini ya fallatsar masa a ido. Abin da zai yi cikin sa'o'in farko shi ne yake raba wanda zai tsira da wanda zai kamu. Idan wani abu ne ya soke shi ko ya yanke shi, ya miƙa aikin ga abokinsa nan take, ya cire safa, ya wanke wurin da ruwa mai gudu da sabulu. Kada ya matse wurin don jini ya fito, kada ya tsotsa da baki, kada ya zuba fetur ko ruwan batir ko jabel tsantsa, domin duk waɗannan ƙara ɓata naman suke yi. Idan akwai ruwan wanke rauni irin su Dakin ko Betadine a jiƙa wurin minti 5 bayan wankin. Idan ido ne, a kwarara masa ruwa mai tsabta ko ruwan gishirin asibiti na aƙalla minti 5, ana buɗe fatar idon, ba a murzawa. Idan baki ne, a tofar a kurkure sau da yawa.

Daga nan sai asibiti, a ranar, a cikin sa'ar idan zai yiwu, ba bayan an sauka daga aiki ba kuma ba wayewar gari ba. Akwai maganin da ke hana ƙwayar sida kama jiki bayan ta shiga, wanda yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da tenofovir da lamivudine da dolutegravir, ana sha kwana 28 ba fashi. Ya fi aiki idan aka fara shi cikin sa'o'in farko, kuma bayan sa'a 72 ba a sa ran zai yi amfani. Wanda abin ya same shi daren Alhamis ya ce bari Litinin ta yi, ya riga ya zubar da damarsa. Likita ne zai auna girman haɗarin, domin sukar allura mai rami da ta fito daga jijiya ba ɗaya take da ɗigon jini a kan ƙaramin ƙurji ba, kuma ba kowa ne za a ɗora kan maganin ba. Za a auna jinin ma'aikacin a ranar don a san matsayinsa tun kafin haɗarin, kuma idan mai raunin yana asibitin za a nemi yardarsa a auna shi, awon gaggawa ba ya wuce rabin sa'a. Idan ba a samu yardarsa ba ko ba a san inda yake ba, ba a jira, ana fara maganin. Wanda aka ɗora a kai ya gaya wa likita duk wani magani da yake sha, musamman na tarin fuka da na ƙarin jini da na gyambon ciki, saboda suna iya rage masa ƙarfi. Tashin zuciya ko ciwon kai na kwanakin farko ba dalilin dainawa ba ne, a koma wurin likita a gaya masa.

Ta ɓangaren ciwon hanta B, wanda ya kammala rigakafinsa kuma awo ya nuna jikinsa ya karɓa ba ya buƙatar komai. Wanda bai yi ba ko bai kammala ba za a yi masa allurar nan take, an fi so cikin sa'a 24, tare da wata allura ta garkuwar jini idan ana samunta, wadda take da tsada kuma ba ko'ina take ba. Nan ne mutum yake gane darajar allura ukun da aka yi cikin kwanciyar hankali. Ciwon hanta C ba shi da maganin tarewa, sai dai bibiya da awo, amma idan ya bayyana magungunan yanzu suna warkar da fiye da 95 cikin 100 cikin mako 12 zuwa 24. Awon bibiya ana yin sa ne a ranakun da likita ya rubuta, yawanci bayan mako shida, da wata uku, har zuwa wata shida ga ciwon hanta. Kafin a tabbatar da sakamako mutum ba ya ba da jini, ba ya haɗa reza ko abin yankan farce da kowa, kuma yana amfani da kwaroron roba da iyalinsa. Wannan magana ta ƙarshe tana da nauyi a gidan aure, don haka yana da kyau miji ya je da matarsa, ko mata ta je da mijinta, likita ya yi musu bayani tare, kada zargi ya shiga inda babu laifin kowa.

Abin da ya fi hana mutane zuwa shi ne kunya da tsoron shugaba. Ƙaramin ma'aikaci yana gudun a ce ya yi sakaci, ko abokan aiki su ji an ba shi maganin sida su fara kallonsa wani iri, sai ya ɗaure yatsa da tsumma ya yi shiru. Gyaran wannan yana hannun shugabanni. Shugaban tawaga ya faɗa a gaban kowa, ba sau ɗaya ba, cewa wanda ya kawo rahoton suka ba za a hukunta shi ba, za a ba shi mota a kai shi asibiti a cire shi daga sauran aikin ranar. A buɗe littafi da ake rubuta rana da sa'a da irin abin da ya faru da matakin da aka ɗauka, a ajiye shi inda mutum ɗaya ko biyu kawai suke gani. Littafin yana kare haƙƙin ma'aikaci idan cuta ta bayyana daga baya, tunda shi ne shaidar cewa a bakin aiki ya same ta, kuma yana nuna wa shugaba inda matsalar take: idan suka uku a jere duk wajen mayar da murfin allura suka faru, an san abin da za a koyar a horo na gaba.

Kada shugaba ya jira ranar haɗari kafin ya nemi inda maganin yake. Tun yau ya je babban asibitin jiha, ko asibitin gunduma ga waɗanda ke Gidan Rumji, Madarunfa, Mayahi, Agye, Tasawa ko Dakoro, ya tambayi wane sashe ne yake ba da maganin tare sida, wa ke riƙe da makullinsa da dare da ranar Lahadi da ranar salla, kuma wace lamba za a kira. Ya rubuta amsar a manna a cikin kowace mota da ɗakin masu gadi. Ƙungiyoyin agaji da na ƴan kabu-kabu su ma su yi haka ta hannun shugabanninsu, su nemi ma'aikacin lafiya ya zo ya nuna wa mambobi sa safa da cire ta a aikace, kowa ya gwada da hannunsa, sannan a tsara zuwa awo da rigakafi rukuni-rukuni, a riƙe sunayen waɗanda suka yi ta farko domin a kira su ranar ta biyu da ta uku.